Ra'ayinmu: Dogon Hutu da Zaman Kashe Wando



Wannan fitowa ta mujallarmu za ta iso hannunku ne ana ɗaure kaya. Nan da 'yan kwanaki za a rufe ɗakunan karatu, motocin da ke bin hanyar Jega su cika maƙil da mu, wasu su sauka a Sifawa, wasu a Boɗinga, wasu su zarce Shagari har Tambuwal. Kowa murna yake yi, mu ma haka. Amma da yake aikin wannan shafi shi ne faɗin abin da ake gani ana kau da kai, mun ga ya kamata mu yi magana a kan abin da ke jiran yawancinmu a gida, watau gundura da rashin abin yi.

Duk wanda ya taɓa yin dogon hutu ya san yadda abin yake tafiya. Kwana ukun farko daɗi ne zalla: gaishe-gaishen dangi, tuwon gida, fura da nono, da barcin da jarrabawa ta hana mutum. Daga kwana na huɗu sai yini ya soma tsawo. Saurayi ya yi sallar asuba ya koma shimfiɗa, ya farka da hantsi ya lalubi wayarsa tun bai wanke ido ba, sa'an nan ya fita majalisa gindin dogonyaro. A nan za a yini. Inuwa ta juya a ja benci a bi ta, ta sake juyawa a sake ja, har a kira magariba. In aka tambaye shi abin da aka tattauna, da ƙyar ya tuna. Gobe ma haka, jibi ma haka. Hausawa ba su yi kuskure ba da suka kira wannan zaman kashe wando, domin wandon kaɗai ne ke nuna alamar an yi wani abu.

Da a ce mako biyu ne ko uku, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. To, amma a shekarar 2020 jami'o'in gwamnati sun yi kusan wata tara a rufe saboda yajin aiki, a 2022 kuma suka sake yin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba mu zo rabon laifi a nan ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, an miƙa wa ɗaliban wancan lokaci wata goma sha bakwai a hannu, tsaba, babu lacca babu jarrabawa. Muna roƙon duk wanda abin ya rutsa da shi ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: me na fito da shi? Akwai waɗanda suka fito da sana'a, akwai waɗanda suka sauke Alkur'ani, Allah ya ƙara musu. Akwai kuma waɗanda suka fito da abin da har yau iyayensu ke kuka a kansa.

Gama lokacin da babu mai shi ba ya daɗewa bai sami mai shi ba. In saurayi bai zaɓi abin da zai yi da yininsa ba, akwai masu zaɓar masa, kuma a shirye suke. Akwai mai sayar da ƙwaya a bayan tasha. Gwamnatin Tarayya ba ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba sai da abin ya riga ya ci samari da 'yan mata da yawa a Arewa. Akwai cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya, wadda mutum zai yi asarar kuɗin makarantarsa yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa ba wanda ya sani. Akwai kuma mai neman kujera, wanda ba ya tuna hanyar garinmu sai zaɓe ya ƙarato, ya zo neman samari masu ƙarfi da ba su da abin yi. Waɗannan duka ba su neman mai yunwa kamar yadda suke neman wanda zama ya gundura.

Mun san akwai masu cewa wannan magana ta 'yan gata ce. Suna da gaskiya ta wani fanni. Ɗalibin da hutunsa ya faɗo cikin damina, mahaifinsa kuma yana da gonar gero, ba ya bukatar mujalla ta gaya masa abin da zai yi. Fartanya na jingine tana jiransa. Haka 'yar'uwarmu da za ta tarar da daka da girki da renon ƙanne. Ba da su muke ba a lokacin da suke kan aiki. Amma ko manomi yana da yammacinsa, yana kuma da rani, kuma mun sha ganin ɗalibin da ya dawo gida yana ganin shekara biyu a jami'a sun ɗaga shi sama da noma, ya zauna yana kallon tsohonsa na fita gona. Wannan kam da shi muke.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne wurin da ake yin wannan zama. A duba ko'ina cikin ƙasar Hausa, da wuya a sami wata 'yar hanya da ta tara masu amfani da lokaci kamar wadda ke tsakanin Sifawa da Shagari. Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, bai koma Sakkwato ba sai 1815. A cikin waɗannan shekaru ya miƙa tafiyar da mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Malam Abdullahi ya zauna a nan kusa, a Boɗinga. Mutum ne da yammacin daula duka ke wuyansa, ga shari'a, ga yaƙi, ga baƙi, ga almajirai. Duk da haka a 1813 ya kammala Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙin da ya yi tun yana saurayi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayyana dalilin da ya sa ya yi kowace da abin da ke faruwa sa'ad da ya yi ta. Watau mutum ne ya zauna ya tsince tsofaffin takardunsa ya jera su. Yau masu nazarin tarihin jihadi ba su da makawa sai sun bi ta kan wannan littafi, har wani Bature mai suna Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1963. Mu da muke sauka mota a Boɗinga da jakar littattafai, mu nawa ne muka taɓa buɗe shi? Mu nawa muka taɓa takawa Sifawa don mu ga inda aka yi wannan zama, alhali muna iya kashe kuɗin mota mu tafi birni kallon ƙwallon Ingila?

Wani zai ce ai waɗancan waliyyai ne, ba a gwada kai da su. To, mu sauko kusa. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925 ya rasu a 2018, kowa ya san shi da shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ba siyasarsa ce ta dame mu a nan ba, kowa da ra'ayinsa a kanta. Abin da muke so mu tuna wa yayyenmu ma'aikata shi ne, kafin duk wannan malamin makaranta ne kawai, ƙaramin ma'aikaci mai ɗan albashi kamar su. Ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya yi kwaleji a Kaduna, ya dawo ya kama alli. A cikin shekarun 1940, sa'ad da babu rediyo a kowane ɗaki balle waya a kowane aljihu, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar samari a Sakkwato inda ake haɗuwa bayan an tashi aiki ana tattauna al'amuran ƙasa, irin yadda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi a Bauci. Irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi na hira su ne suka haɗu daga baya suka haifi siyasar Arewa. Majalisa ce su ma suka yi, sai dai tasu tana da abin da ake tattaunawa.

A 1948 kuma, yana da shekara 23, ya tsara Waƙar Nijeriya, inda ya zuba labarin ƙasa cikin baitoci don yara su riƙa rerawa su haddace garuruwa da koguna da jama'ar ƙasarsu ba tare da bulala ba. Ba a ɗauke shi aiki don ya yi waƙa ba. Lokacinsa ne na hutawa ya sa a ciki, kuma ba mu shakka ya ji daɗin yin ta, don ba a tsara waƙa mai tsawo haka da ɓacin rai. Shekarunsa a lokacin su ne shekarun yawancin masu karanta wannan shafi. Malamin firamare da aka tura wani ƙauye a ƙasar Shagari, da akawun sakatariya a Boɗinga, da malamin gona, da malamar asibiti, kowannensu yana da sa'o'i tsakanin la'asar da lisha waɗanda gwamnati ba ta saya ba.

Kada a ɗauka muna cewa kowa ya zama mawallafi, ko kuwa a daina wasa. Wasa halak ne ga mai rai, kuma wanda ya yi wata huɗu yana fama da karatu ya cancanci ya sake. Sai dai wasa iri biyu ne. Akwai wanda kai kake yin sa, akwai wanda ake yi maka kana zaune baki buɗe. A ɗauki dara. Gurbi talatin ne a haƙa a ƙasa, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Ba ta cin ko kwabo, amma muna ƙalubalantar duk ɗalibin lissafi da ke ji da kansa ya je ya zauna gaban ɗaya daga cikin tsofaffin da ke yin ta a bakin kasuwa, ya ga ko zai kai labari. Haka langa, haka kokawa bayan kaka, haka ƙwallon da ake bugawa da ƙafa a filin firamare, wadda ta fi wadda ake biyan kuɗi a kalla amfani ga jiki nesa ba kusa ba. Waɗanda kuma suka tashi kusa da madatsar ruwa ta Shagari suka iya iyo, su ɗauki ƙannensu su koya musu a inda ba zurfi, da idon manya. Ba mu manta da watan Afrilu na 2022 ba, sa'ad da jirgin ruwa ya kife da mutanen Gidan Magana aka rasa rai 29, akasarinsu yara da matasa. Allah ya jiƙansu.

Karatu kuwa ba sai mun tsawaita ba. Wanda bai taɓa karanta Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam ba tun da ya bar sakandare, ya sake ɗauka yanzu da ba jarrabawa a gabansa, zai tarar da wani littafi dabam. In ya karanta wa ƙannensa a fili bayan sallar lisha, ya ga yadda zaure zai cika.

Amma akwai aiki guda da muke so mu tsaya a kansa, domin mu kaɗai ne za mu iya yin sa, kuma lokacinsa na ƙurewa. A kowane gida a ƙasar Boɗinga da Shagari akwai tsoho ko tsohuwa da ke ɗauke da abin da babu shi a laburaren jami'a. Akwai wanda ya san yadda aka kafa unguwarsu da inda kakanninsu suka fito. Akwai wanda ya ga zamanin En'e da idonsa, ya biya haraji da jangali, ya san yadda ake auna gyaɗa da auduga, ya ga fari da yunwar 1973 ya san abin da aka ci aka rayu. Akwai tsohuwar da ke da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno waɗanda injin niƙa ya kashe, da tatsuniyoyin da jikokinta ba su zauna sun ji ba don suna kallon fim. Akwai maƙerin da ya san kirarin sana'arsa, da mahaucin da ya san sunan kowace tsoka. Akwai wanda ya halarci dambe sa'ad da Ɗan Anace ke yi wa Shago waƙa, yana iya ba da labarin filin kamar jiya aka yi. Duk shekara muna binne waɗannan mutane, mu yi zaman makoki na kwana uku, mu watse ba mu san abin da muka binne ba.

Abin takaici, an taɓa yin wannan aiki a ƙasar nan, amma ba mu muka sa aka yi ba. A farkon zuwan Turawa, Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya sa malamai suka rubuta masa tatsuniyoyi da labaru da karin magana cikin ajami. Waɗannan takardu suna cikin abin da Frank Edgar ya tattara ya buga a littafi uku tsakanin 1911 da 1913 da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Shi don ya san mutanen da zai mulka ya yi, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma yau fiye da shekara ɗari, in ɗalibin Hausa yana son ya san yadda kakanninsa ke ba da labari, sai ya koma ga abin da baƙo ya adana. Haka nan Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru da yawa a Sakkwato, ita ta bi gida gida da taimakon Waziri Junaidu da iyalinsa ta fito wa duniya da tarihin Nana Asma'u. Ba mu ƙi gode musu ba. Tambayarmu ita ce, su da suka zo daga Ingila suna koyon gaisuwa sun iya, mu da tsohuwar ta goya mu me ya hana mu?

Kayan aikin ma suna aljihunmu. Wayar nan da ke cinye mana yini tana ɗaukar magana fiye da rikodar da masu bincike na dā ke ɗauka a kafaɗa. Abin da ya rage shi ne littafin rubutu guda, da biro, da ladabi. A sayi goro a tafi da shi. A durƙusa a gaida mutum yadda ya kamata, a ce, "Baba, na zo ne ka ba ni labarin garin nan," ko "Inna, waƙar nan da kike yi in kina daka nake so ki maimaita mini." A nemi izni kafin a kunna waya, in an ce a kashe a kashe. Ranar farko watakila a yi maka dariya, a ce yaron boko ya rasa abin yi. Ka koma rana ta biyu. Tsofaffi sun fi mu sanin kaɗaici, kuma ba abin da ke faranta musu rai kamar a zo a tambaye su. Waɗanda suka gwada daga cikinmu sun ce wahalar ba ta sa tsoho ya fara magana ba ce, ta samun hanyar yin sallama ce in dare ya yi.

A nan 'yan'uwanmu mata sun fi mu dama. Mun san ba kowace ce ake bari ta fita yadda namiji ke fita ba, kuma sau da yawa hutunta ya fi namu ƙunci. Amma cikin gida, inda namiji baligi ba ya shiga, nan ne rabin tarihin yake, kuma shi ne rabin da aka fi sakaci da shi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru ne a kan wannan fahimta, tana naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauyuka cikin waƙa. Ɗalibar da ta tara 'yan matan unguwarsu ta koya musu karatu da lissafi da yamma, ta kuma karɓi waƙa da tatsuniya daga bakin iyayensu, ba sabon abu ta ƙago ba, tsohuwar hanya ta share.

Gargaɗi ɗaya muke da shi, kuma muna yin sa ne don mun san halinmu. A rubuta magana yadda aka faɗe ta. In tsoho ya ce "wanga", kada a mayar masa "wannan". In ya ce "hwari", a bar shi "hwari". In ya ce "shi yaz zo", kada wani ya ɗauki jan biro. Da yawa daga cikinmu mun zo jami'a mun soma jin nauyin Sakkwatanci, muna lanƙwasa harshe don kada a yi mana dariya a ɗakin kwana. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, da ita muke rubuta wannan shafi. Amma harshen da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa da shi ba ya bukatar gyaran ɗan aji biyu.

Kwamitin wannan mujalla ya yanke shawarar ware shafi huɗu a fitowa ta gaba don abin da kuka kawo daga gida, labarin gari ne, waƙar daka ce, kirari ne, ko bayanin wata sana'a. Yayyenmu ma'aikata su ma ƙofa a buɗe take, su ba wani ɗalibi na garinsu ya taho da shi. A rubuta ranar da aka yi hirar, da garin, da kimanin shekarun mai maganar, sunansa kuwa sai in ya yarda. A miƙa wa edita cikin mako biyun farko bayan an dawo. Wanda hannunsa ya fi sabawa da ajami ya kawo haka nan, muna da masu karantawa.